Yadda Za Ka Ɗumama Gidanka Idan Ka Koma Ƙasar Sanyi

Na sauka Ingila a watan Oktoba. Kafin Disamba ya yi nisa, rana tana faɗuwa tun ƙarfe 4 na yamma bai cika ba, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Abin da na yi shi ne abin da yawancin baƙi ke yi: na rufe tagogi ruf, na toshe kowace kafa, na murɗa hita har ƙarshe. Bayan makonni na janye akwatin kaya daga jikin bango sai na tarar da funfuna baƙa ƙirin ta bi kusurwa, ɗana kuma ya kama tari. Tun daga lokacin na gane cewa aikin biyu ne: ka tsare ɗumi a cikin gida, ka kuma bar laima ta fita.

Tun wajen neman gida ake fara shiri. A Ingila kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A, wadda ta fi kyau, zuwa G, kuma tun 2020 doka ta hana a ba da hayar gidan da ya gaza E, in ban da 'yan gidajen da aka keɓe. Nemi ka gani kafin ka sa hannu. Duba taga, gilashi biyu ne ko ɗaya? Mai biyu yana da iska tsakani, ita ke tare sanyi. Sannan ka tambayi mai gidan da me ake ɗumama wurin, gas ko lantarki, domin a can na lantarki ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ranar da ka karɓi makulli, kar ka bari mai gidan ya tafi sai ya nuna maka abu uku: boila, wato tukunyar da ke dafa ruwan da ke zagaya radiyetoci (ƙarafan jikin bango da ke ɗumama ɗakuna), da ma'aunin da ake saita zafi da shi, da kuma inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza digiri 18. Ni ina barin falo tsakanin 19 da 20. Ka sani, murɗa ma'aunin zuwa 30 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, sai dai boila ta yi ta ci ba tsayawa. Gara ka saita agogonta ta kunna kanta rabin sa'a kafin ku tashi, ta mutu idan kun fita. A gefen yawancin radiyetoci akwai abin murɗawa mai lambobi, galibi zuwa 5. Ɗakin zama 3 ya isa. Ɗakin da ba kowa ka bar shi a 1 ko 2, kar ka kashe shi ɗungurungum, don bango mai sanyi shi laima ke kwantawa a kai.

Idan ka taɓa radiyeta ka ji ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta maƙale a ciki. Kashe hita, bari ta huce. Akwai ɗan makulli mai bakin murabba'i da ake sayarwa don wannan aiki. Sa shi a ɗan noti da ke can sama ta gefe, tara tsumma a ƙasa, ka juya kaɗan. Za ka ji iska tana fita fuuu. Da zarar ruwa ya fara ɗiga, mayar ka ɗaure. Daga nan leƙa allurar da ke nuna matsin ruwa a gaban boila, ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan boilar ta huce.

Tsare ɗumin da ka riga ka biya ba shi da wuya. Jiƙa bayan hannunka ka bi gefen ƙofa da taga, inda ka ji sanyi na hura ka, nan ne kafar. Liƙa soson da ake mannawa a bakin taga, ka nannaɗe tsohon tawul a ƙasan ƙofa. Labule mai kauri a buɗe shi da rana, a saki da zarar duhu ya fara, amma kar ya lulluɓe radiyeta, in ba haka ba taga kake ɗumamawa. Kujera ma a matsar da ita. Ƙasa a shimfiɗa kafet. Jikinka kuma riguna uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, da safa. Bargon can ana rubuta masa lamba, 13.5 shi ne na hunturu.

Sai dai ramukan shan iska da aka gina a bango ko saman taga, waɗannan ba a toshe su. Nan ne na yi kuskure. Numfashinmu, girki, wanka, shanya a ɗaki, duk ruwa suke zubawa cikin iska, shi ne raɓar da kake gani a gilashi da safe. Jamusawa suna da ɗabi'ar wangale tagogi na minti 5 zuwa 10 sannan su rufe. Na gwada, tana aiki: iska ta sauya, bango bai kai ga hucewa ba. Ina yi safe da yamma. Ina goge raɓar taga kullum, ina rufe ƙofar banɗaki bayan wanka in kunna fankar da ke zuƙe tururi, kayan ɗaki kuma ina barin tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango.

Yanzu ga wadda ta fi kowace muhimmanci, don Allah ka karanta da kyau. Kar ka taɓa shigo da garwashin gawayi cikin ɗaki, kar ka kunna janareta a ciki, kar ka bar murhun gas a kunne don jin ɗumi. Gidajen can a rufe suke gam, wuta kuwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuma yana iya wucewa bai farka ba. Idan duk gidan kuna ciwon kai, in kun fita waje ya lafa, ku buɗe tagogi, ku fice, ku nemi taimakon gaggawa. A Ingila wajibi ne mai gidan haya ya sa ƙwararre ya duba kayan gas duk shekara, kuma tun Oktoban 2022 dole ya sa ƙararrawar gano wannan guba a ɗakin da boilar gas take. Danna maɓallinta duk wata ka ji ta yi kuka.

Ƙaramar hitar lantarki a jona ta kai tsaye a bango, a nisanta ta da labule da gado kamar mita ɗaya, kar a shanya tufafi a kanta, kar a kwana da ita a kunne. Mai wat 2,000 tana shan yunit 2 duk sa'a.

Idan za ka yi tafiya cikin hunturu, kar ka kashe hita don tsimi. Ruwa idan ya daskare yana kumbura, ya fasa bututu, ranar da ƙanƙarar ta narke gida ya cika da ruwa. Bar ma'aunin a wajen digiri 12, in tafiyar mai tsawo ce ka rufe ruwan gidan, ka bar wa maƙwabcin da ka yarda da shi makulli ya riƙa leƙawa.