Yadda Za Ka Zaɓi Filaya Mai Ninkewa Don Kwanan Daji

Da hunturu ya kama, za ka ga samarin Kano sun haɗa tanti da tabarma sun nufi wajen Tiga ko Rurum kwana biyu. Abin da ke damuna shi ne yadda sabon shiga zai sayi filayar nan mai ninkewa, wadda aka cusa wa wuƙa da zarto da almakashi da sukudireba a cikin hannayenta, sai ya bar adda a gida yana ganin ya gama shiri. Tana da amfani ƙwarai, amma ta ko-ta-kwana ce. Ba ta saran itacen girki, ba ta share fili.

Saboda haka fara da manyan kaya: adda mai kaifi, wuƙa guda mai kube, ashana a cikin leda, tocila, igiya. Sai waɗannan sun shiga jaka sannan a yi maganar filaya.

Wajen saye ake faɗuwa. Kamfanin Leatherman na Amurka ya fara sayar da tasa a 1983, kuma yana ba da garantin shekara 25. Victorinox na Suwizalan ma suna yin irin filayar. Na asali da tsada yanzu, kuma jabu sun cika gari da sunayen nan a jiki, don haka kada rubutu ya ruɗe ka. In za ka leƙa Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, tafi da guntun waya da ƙaramin itace a aljihu, ka ce wa mai kaya, "Alhaji, zan gwada a gabanka." Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sai an jima.

Rufe bakin filayar ka ɗaga ta sama wajen haske. Haƙoran su haɗu cif tun daga tsini. In ka hango rana ta tsakani, ba za ta kama siririyar waya ba, ajiye ta. Sannan datse wayar da ka zo da ita, ka duba wurin yankan. Ƙarfe maras kyau nan take yake lotsawa. Matse hannayen da ƙarfinka, ka ji ko suna cin tafin hannu ko suna lanƙwashewa.

Yanzu wuƙar. Buɗe ta har ka ji ta ce ƙas, ka juya bayanta, ka danna a kan itacen nan, yatsunka nesa da hanyar kaifin. Kada ta motsa ko kaɗan. Wuƙar da ba ta da makulli, ko makullinta ya yi sako-sako, kan yatsa take rufewa lokacin da kake fiƙe turke, kuma yankan yatsa da dare nesa da asibiti ba ƙaramin abu ba ne. Ni ba na sayen maras makulli ko da kyauta ce. Araha ba ta ado. In kuɗinka bai kai ba, sayi filaya ta gargajiya ta masu gyaran babur da ƙaramar wuƙa daban, sun fi jabu sau goma. Gwanjo ta asali ma ta fi sabuwar jabu.

Kada yawan kayan ciki ya burge ka. Filaya, wuƙa, zarto, sukudireba, mabuɗin gwangwani, sun isa. In da matsefata a ciki ka ƙaru, don ƙaya da ƙarangiya ba sa ƙyale kowa.

Kafin tafiya, yi aiki da ita a gida mako guda. Buɗe gwangwanin tumatir da ita, ɗaure noti, yanke igiya, har hannunka ya san inda kowane abu yake ko a duhu.

A daji, aikinta gyara ne. Zif ɗin tanti ya buɗe baki, ka ɗan matse kansa a hankali. Turken ƙarfe ya lanƙwashe, ka miƙar. Tukunya ta yi zafi, ka sauke da ita. Wayar batirin mota ta kwance, ka ɗaure. Amma kada ka ɓamɓari murfi da tsinin wuƙar, nan take karyewa, kuma kada ka doka bayanta da dutse don faskare.

Ƙurar hunturu na shiga gaɓoɓinta ta sa su ƙagewa. Tsohon buroshin haƙori da ɗigon man keken ɗinki sun wadatar. Da damina a shanya ta kafin a ninke, saboda tsatsa. In za ka yanka abinci da wuƙar, wanke man tukuna.

A hanya, sa ta can cikin jaka tare da kayan girki, ba a ƙugu ba. Ka san yadda jami'an tsaro ke kallon matashi da wuƙa a Kano saboda faɗan daba. In ta jirgi za ka bi, jakar da za a auna za ta shiga, ba ta hannu ba.