Kurakuran da ake yawan yi da microcode a Linux, da yadda za a gyara

'Yan'uwa masu gyara a Computer Village na Ikeja, da duk mai ɗora wa mutane Linux, wannan magana ta shafe mu sosai saboda yawancin laftof ɗin da ke biyowa ta hannunmu tokumbo ne, kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da daina fitar musu da sabon BIOS, wato manhajar da ke kan madabod wadda ke fara tayar da mashin. Shi microcode wasu ƙananan umarni ne a cikin furosesa, ta nan Intel da AMD suke toshe ɓarakar da aka gano bayan kaya ya fita kasuwa, irin su Spectre a 2018, da Zenbleed da Downfall a 2023. Sabon microcode ta BIOS yake zuwa ko ta Linux. To in BIOS ya tsufa, Linux ɗin ne kaɗai zai kawo gyaran.

Babban kuskure shi ne zaton in an saka sau ɗaya shi ke nan. A'a wallahi, ba ya zama. Ana kashe mashin ko wuta ta ɗauke, furosesa ta koma kan tsohon da ke cikin BIOS, sai an sake loda sabon a kowane buti, kuma daga initramfs, ƙaramin fayil ɗin da Linux ke fara buɗewa a buti, ake lodawa tun kafin sistem ya tashi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an cire fakej ɗin microcode wai ana neman fili a disk, alhali bai fi 'yan megabait ba. A Debian da Ubuntu sunansa intel-microcode ko amd64-microcode, a Arch intel-ucode ko amd-ucode, duba furosesarka ka saka wanda ya dace.

Masu Debian kuma ku lura da wannan, don shi ne ke wucewa shiru. Daga Debian 12 da ta fito a 2023 an kwashe waɗannan fakej an mayar da su sashen non-free-firmware, mutum zai tashi daga 11 zuwa 12 ya bar sources.list ɗinsa, fayil ɗin da ke lissafa inda ake sauko da fakej, yadda yake, fakej yana nan a mashin amma ya daina samun sabuntawa kuma babu wani gargaɗi da zai hana ka aiki, sai a yi shekara a haka. Buɗe fayil ɗin ka ƙara non-free-firmware a kowane layi, sannan apt update da apt upgrade.

Sai rashin dubawa. An yi ofdet, ba a yi ristat ba, an miƙa wa kwastoma kayansa. Yi ristat tukuna, ka buga sudo dmesg | grep microcode, ka kuma duba lambar microcode da ke /proc/cpuinfo ko ta canja. In ba ta loda ba, a Debian da Ubuntu ka buga sudo update-initramfs -u sannan ka sake.

A cikin VirtualBox ko VPS, inda Linux ɗinka ke gudana a cikin wani mashin daban, kar ka wahalar da kanka, aikin mashin ɗin da ke ɗauke da shi ne.

In kuma bayan ofdet mashin ya ƙi tashi, kar ka yi saurin fomatin. A GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin buti, danna e, ƙara dis_ucode_ldr a layin da ya fara da linux, zai tashi ba tare da sabon microcode ba, ka koma tsohon fakej. Amma ka tuna ka cire dis_ucode_ldr ɗin in ka rubuta shi a saitin GRUB, don na sha ganin an bar shi.

Masu Intel na ƙarni na 13 da 14, gyaran matsalar boltej na 2024, wato 0x12B, ta BIOS Intel ta ce a karɓe shi, ku je shafin kamfanin madabod ɗinku ku sauke, kuma a jona UPS ko inbata kafin a fara filashin.