Yadda ake alkakin gara da alkamar gida

A garinmu, can gefen Kura, da an sa ranar biki uwar amarya take fara neman wadda za ta yi mata alkaki. Nakiya da cincin kowa na taɓawa, amma alkaki sai wadda hannunta ya faɗa. Alkamar kuwa a gida take. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure ke shuka ta da sanyin hunturu, su girbe wajen watan Maris.

Idan mudu ɗaya za ki yi, ki tanadi man gyaɗa, nono mai tsami ludayi biyu, 'yar kanwa, garin busasshiyar kuɓewa cokali ɗaya, sukari rabin mudu da lemon tsami biyu. Wasu yanzu yis suke sawa maimakon nono. Yana tashi, amma ni ƙanshin na nono ya fi kwanta mini.

Ki rege alkamar tsakuwa ta fita, ki wanke, ki shanya ta bushe ƙayau. Wajen inji kada ki aiki yaro, ki je da kanki ki ce barzawa kike so. In aka niƙa ta lukui kamar fulawa, alkakin zai fito a dunƙule, sukari ba zai ratsa shi ba. Wannan tsaki-tsakin shi ne gardinsa.

Da yamma ki zuba garin a daro, ki sa mai ludayi guda, ki murza da tafin hannu har in kin damƙa ya haɗe. Ki zuba nonon, ki riƙa yayyafa ruwa kina kwaɓawa da tauri, ya fi kwaɓin funkaso ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki rufe shi ya kwana a ɗaki mai ɗumi. Da hunturu Gwaggo har tsohon bargo take lulluɓa wa daron.

Da safe in kin buɗe, tsami zai bugi hancinki, saman kwaɓin ya tsattsage. To, ya yi. Ki juye a turmi, ki barbaɗa kuɓewar, ki zuba ruwan kanwa da kika jiƙa kika tace, kaɗan-kaɗan. Kanwar ita ke kashe tsamin, in ta yi yawa kuma sai ya yi duhu da ɗaci. Sai kirɓi. Nan aikin yake, kada ki yi ƙyuya. Ki yi ta kirɓawa har kwaɓin ya fara kama taɓarya. Ki gutsuri kaɗan ki murza a faranti. In ya miƙe kamar igiya bai tsinke ba, ya kirɓu. In yana karyewa, ki mayar turmi.

Ki shafa mai a hannu, ki murza shi dogo, kaurin ɗan yatsa, ki naɗe kai biyun su haɗu a tsakiya kamar lamba 8, ki danne bakin don kada ya warware a kasko.

Kafin suya ki dafa sukarin da ruwa kofi biyu, ki matse lemon tsamin a ciki, shi ke hana shi daskarewa ya yi fari a jikin alkaki. In kin ɗiga tsakanin yatsu biyu ya yi danƙo yana jan zare, ki sauke ya tsaya da ɗumi.

Wuta kuwa ki ja itace baya. Na taɓa sauri a bikin ƙanwata, na hura wuta da kara, bayansa ya yi ja cikinsa ɗanye, kwana uku ya fara wari. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Ki bar shi ya soyu a hankali har ƙugin man ya lafa, ya yi ja kamar dabino. Da zafinsa za ki tsame ki tsunduma a sukari, ya sha kamar minti biyar, ki kwashe a kwando ya tsane.

Sai ya huce sarai za ki jera a kwalla ki rufe. Wanda ya soyu har ciki yana yin makonni lafiya lau. Waɗanda suka karye ki ware wa maigida da yara, su sha shayin safe da su.