Darasi na Tara: Ruwan da Ke Gangarowa Daga Dutse

Ambaliya iri biyu ce. Akwai mai zuwa sannu a hankali: kogi ya cika ya tumbatsa, yau ya shiga fadama, jibi ya kai bakin gari. Wannan tana ba mutum damar kwashe kaya da dabbobi. Akwai kuma mai gangarowa daga tudu ko dutse, wadda ba ta sallama. Ƙoramar da yara suka tsallake da la'asar, kafin sallar isha'i ta fi ƙarfin babbar mota. A kan ta biyun wannan darasi yake, domin ita ta fi cin rai.

Inda abin ya fi muni

A wasu ƙasashe akwai guguwar da ke tasowa daga teku. Tana haɗuwa ne idan ruwan tekun ya yi ɗumi, ya kai wajen digiri 26 ko 27. Tana kwasar tururi mai yawan gaske ta nufo tudu da shi. Idan ta ci karo da tsaunuka, dole iskar ta hau sama. Tana hawa tana yin sanyi, tururin ya koma ruwa, sai ta juye shi a gefen dutsen kamar da bakin ƙwarya. Shi ya sa mutanen kan tsaunuka, waɗanda ke ganin sun yi nisa da teku, wani lokaci sukan fi na bakin teku shan wahala.

A watan Maris na 2019 guguwar Idai ta shigo ta birnin Beira na Mozambik, ta wuce tsaunukan Chimanimani a Zimbabuwe, inda ƙasa ta zaftaro cikin dare ta binne gidaje. Mutum fiye da 1,000 suka rasu a ƙasashen yankin. A Maris na 2023 guguwar Freddy ta yi irin haka a kudancin Malawi, laka da duwatsu suka sauko kan unguwannin gindin dutse a Blantyre. A ƙarshen Satumba na 2024 kuma guguwar Helene ta ɓarnata garuruwan tsaunuka a jihar North Carolina ta Amurka, ɗaruruwan kilomita daga inda ta baro teku. A duk wuraren nan ruwa da laka sun fi iskar kanta kisa.

Mu nan Zariya fa?

Irin wannan guguwa ba ta zuwa mana. Namu hadarin daga gabas yake tasowa, danshin kuma iskar kudu maso yamma ke kawo shi daga teku. Tsaunukanmu ba su kai nasu ba. Amma halin ruwa ɗaya ne ko'ina: yana bin gangare, kuma idan bai sami ƙasar da za ta sha shi ba, gudu yake.

Dubi dutsen Kufena. Fako ne, ba ya shan ko ɗigo. Ruwan da ya sauka a kansa tamkar ya sauka a rufin kwano ne, nan take yake sulalowa ya taru a gindi, ya bi kwazazzabo ya nemi kwari. Ƙoramun garin nan kuwa Kubanni da Galma suke nufa. Kubanni ta biyo ta Samaru, ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ta faɗa Galma. Saboda haka ana iya tafka ruwa a can sama alhali ko yayyafi ba a yi a unguwarku ba, bayan awa ɗaya ko biyu ku ga rafi ya kawo. Kada mutum ya auna hatsarin da abin da ya gani a ƙofar gidansa.

Zariya na samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ya fi kowane wata. Ruwan farkon damina ƙasa na shanye shi. Na lokacin marka shi ne abin tsoro, don ƙasa ta riga ta ƙoshi, kududdufai sun cika, duk abin da ya ƙaru a sama zai kwanta.

Ɗan lissafi

Milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 lita 1 ce. A ce rufin gidanku mita 10 ne a tsaye, 10 a kwance. Murabba'in mita 100 ke nan. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 ta sauka a rufin kawai, wato duro 25 masu cin lita 200. Ba a haɗa da tsakar gida ba, ba a haɗa da na maƙwabta ba. Duk wannan ta rariya ɗaya ake so ya fita. To idan leda ta toshe ta, ina zai je? Gindin katanga.

Nauyi ma abin lura ne. Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska tan 1 ne, daidai da buhun siminti 20. Idan ya haɗu da laka da tsakuwa ya fi haka.

Gyaran gida kafin marka

Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa, ba daga sama ba. Ruwa ya kwanta a jikin katanga, tubalin ƙasa ya sha ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, sai ta zauna ko ta kife. Mafi yawan rushewar da ake ji cikin dare haka take faruwa, sau da yawa ma bayan ruwan ya ɗauke.

Don haka a fara da gindi. A yi wa katanga ɗan dakali mai gangare zuwa waje, faɗinsa kamar rabin mita, a daɓe shi da tsakuwa da jar ƙasa, ko da siminti ga mai hali. Indararo ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango, a kuma jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa don kada ya haƙa rami. Indararon da ya tsage a wuya ya fi rashinsa illa, domin cikin bango yake ɗura ruwa ba a gani. A hau soro a cire ciyawa, a cike tsaga, a sabunta yaɓe tun kafin ruwa ya zauna.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne shafe bangon ƙasa da siminti a ce an gama. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar bushewa, bangon yana ruɓewa a ciki, waje kuwa sumul. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Idan ka ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa, ya rabu da bangon, a fasa wurin a gyara.

Rariya da kwata su kasance da gangare, aƙalla santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A sa wayar raga a bakin rariya ta tare leda. Yashe lambatu kuwa aikin gayya ne, don wanda ya yashe ƙofarsa kaɗai ya tura wa na ƙasa da shi ne. Kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar. Idan aka tara shi a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Kududdufin unguwa ma yana da aikinsa. Shi ke karɓar rarar ruwa. Inda aka cike shi da shara aka yi gini, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakunan mutane yake shiga. Mai neman fili ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Filin da aka ga yashi mai laushi a kwance da shara maƙale a rassan ƙasa na itatuwa, hanyar ruwa ce ko da dillali ya rantse.

Wanda ruwa ya saba shigo masa ta zaure ya tanadi buhunan yashi. Kada a cika su dam, a zuba ɗan fiye da rabi, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a shimfiɗa leda mai kauri, a jera su kamar ginin bulo, na sama ya hau mahaɗar biyu na ƙasa, ana tattakawa. Buhun da aka cika tam ba ya kwanciya, ruwa na bi ta tsakani.

Masu gona a gangare su yi kunya a gicciye, kada su bi da ita tsaye daga tudu zuwa kwari. Jeren duwatsu ko layin jema da gamba a gicciye yana karya gudun ruwa, ya tare ƙasar da zai tafi da ita.

Ranar ruwan

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna, wato NIHSA, kuma na faɗin wuraren da ake tsoron ambaliya. A saurari rediyo. Amma akwai alamun da ido da kunne ke kamawa kafin sanarwa: ruwan rafi ya rikiɗe ya yi ja wur yana ɗauke da karare da rassa, a ji rugugi daga sama ba na tsawa ba, ko ƙorama ta ragu farat ɗaya ana tsakiyar ruwa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yaudara. Wani abu ne ya toshe ta a sama, kuma idan ya ɓalle gaba ɗaya zai zo.

A cikin gida a duba ko danshi na hawa bango, ko sabuwar tsaga ta fito, ko ƙofa ta fara cijewa, ko ɓurɓushin ƙasa na zubowa daga azara. Ko ɗaya aka gani, kada kowa ya kwana a ɗakin. A fita da tsofaffi da yara da masu juna biyu tun da sauran haske, a nufi tudun da aka riga aka yi shawara a kansa, makaranta ce ko masallaci ko gidan dangi. A kwance dabbobi, don akuyar da ke ɗaure a turke ba ta da dabara. Takardun fili, katin shaida, katin asibiti da magunguna su kasance a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a rataye inda hannu zai kai cikin duhu. A kashe wutar lantarki daga babban makunni da busasshen hannu. Idan ruwa ya riga ya kai wurin, a bar shi.

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota. Santimita 60 na tafiya da babbar mota. Babur da Keke Napep ba a ma maganarsu. Kuma ruwan ja ba ya nuna abin da ke ƙasa: ƙila kwalbatin ya riga ya tafi, ƙila murfin lambatu ya buɗe. Ɗan acaɓa ya ce ya san hanyar, to jiya ya san ta. A jira. Ruwan dutse yadda yake saurin zuwa haka yake saurin wucewa, sau da yawa awa biyu ko uku sun isa.

Idan wani ya faɗa, kada a bi shi. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki, a rufe da murfinta. A kira lambar agajin gaggawa, 112.

Bayan ya janye

Ciwo ke biyo baya. Ruwan ya shiga masai ya fito ya faɗa rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ta, ko da ta yi garau. A kwashe ruwanta, a yashe, a nemi duba-gari ko ma'aikatan lafiya su sa mata sinadarin kulorin. Nan gaba a ɗaga bakinta ya wuce gwiwa, a yi mata murfi, sabon masai kuma ya yi nisan mita 30 da ita, ta ɓangaren gangare.

Ruwan sha a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Mai amfani da maganin tsabtace ruwa ya bi awon da ke jikin kwalbar, ya jira minti 30.

Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na leda, wato ORS, ya fi, leda ɗaya a lita 1. Idan babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a shafe cokalin kada a yi masa tozo. Gishiri ya yi yawa illa ne ga yaro. Idan bayan gidan ya zama fari tsululu, ko ido ya faɗa, ko mara lafiya ya kasa sha, a tafi asibiti ana ba shi a hanya.

Hatsin da ruwan ya jiƙa ya yi funfuna ba na ci ba ne. A ɗaga kaya da sanda kafin a sa hannu, don macizai da kunamu su ma tudu suka nema. Cikin mako guda zuwa kwana 10 sauro zai ƙyanƙyashe a ruwan da ya kwanta, sai a kifar da gwangwanaye da tsoffin tayoyi, a ɗaura gidan sauro.

Aikin wannan mako

Kowa ya nemo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A ɗora shi kan bulo a fili, nesa da itace da indararo, a tokare shi kada iska ta kayar. Kullum da ƙarfe 7 na safe a tsoma rula, a rubuta kwanan wata da milimitar da aka samu, a zubar. A auna tsawo da faɗin rufin gida, a lissafa lita nawa ta sauka a ranar da ruwan ya fi yawa, da duro nawa ke nan. Sannan a zana unguwa a takarda, a nuna da kibiya inda ruwa ke shigowa da inda yake fita, a sa alama a kan tudun da iyali za su nufa. A zo da takardun a aji na gaba.