Yadda mai sana'ar zane zai shirya tambarinsa da takardun ofishinsa

Idan katin mai sayar da taya ya fito a karkace, ba wanda zai ce tayarsa ba ta da kyau. Mai zane kuwa ba shi da wannan mafita. Katin da ya miƙa, da takardar da ya rubuta farashi a kai, da rasit ɗin da ya bayar, su ne samfurin aikinsa na farko, kuma kwastoma zai yanke hukunci a kansu tun kafin a buɗe masa kwamfuta. Yawancin ɓarnar da ake gani a irin waɗannan takardu ba daga rashin iya zane take zuwa ba. Tana zuwa ne daga yin zane domin fuskar kwamfuta, a manta cewa takarda da tawada da wuƙar yanka ne za su ƙarasa aikin.

Fara da tambari, kuma da baƙi kawai

Ka zana tambarin da baƙi a kan fari, ba launi, ba inuwa, ba launin da ke narkewa zuwa wani. Sai ka rage shi zuwa faɗin santimita 2, ka buga a firintar ofis ta yau da kullum, ka duba. Idan siraran layuka sun ɓace, ko ramin cikin haruffa irin su a da e ya toshe, tambarin bai gama ba. Dalilin farawa daga nan shi ne wuraren da suka fi wuya duk ƙanana ne, wasu kuma launi ɗaya ne: hatimi, da rasit, da hoton da ke jikin lambar WhatsApp. Tambarin da ya tsira a hatimi zai yi kyau a allon talla, amma ba dole ne wanda ya yi kyau a allon talla ya tsira a hatimi ba.

Dole tambarin ya zama zanen bekta, wato wanda aka gina da layuka da lanƙwasa ba da ɗigon hoto ba, domin shi ne ake faɗaɗawa ko a rage ba tare da ya dusashe ba. Adobe Illustrator da CorelDRAW da Inkscape duk suna yin wannan. Asalin fayil ɗin ka ajiye shi a AI ko CDR ko SVG, ka fitar da PDF domin maɗaba'a, PNG marar bango domin intanet. JPG ba ya riƙe bango marar launi, shi ya sa kake ganin tambari a cikin farin akwati a kan takarda mai kala.

Tambari ɗaya ba ya isa. Kana bukatar na kwance, da wanda alama ke sama suna ke ƙasa, da alamar ita kaɗai wadda za ta zauna daidai a cikin da'ira. Kowanne kuma a fitar da shi da cikakken launi, da baƙi, da fari domin ɗorawa a kan bango mai duhu.

Launi, inda aka fi yin asara

Launi biyu da baƙi sun wadatar. Abin da ya fi yawansu muhimmanci shi ne ka rubuta lambobinsu ka daina zaɓe da ido. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da haske, tsarin RGB ke nan. Injin bugu kuwa yana haɗa shi da tawada huɗu, tsarin CMYK: shuɗi mai haske (C), ja mai ruwan hoda (M), rawaya (Y) da baƙi (K), kuma lambar da ke bin kowane harafi ita ce kason tawadar cikin ɗari. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa amma tawada huɗun nan ba za su iya ba, musamman kore mai walƙiya, da ruwan lemu mai ƙarfi, da shuɗi mai kaifi. Idan ka gina sunanka a kan ɗaya daga cikinsu, kullum katinka zai fito a dushe idan aka kwatanta da shafinka na intanet. Saboda haka ka fara zaɓen launin a CMYK, sannan ka nemo masa makamancinsa a RGB da lambar HEX, wadda ake rubuta launi da ita a intanet.

Shuɗi ne ya fi yaudarar mutane. A kwamfuta shuɗi ne sak, a takarda sai ya fito shunayya. Abin da ke jawo haka shi ne M ta matso kusa da C. Ka bar tazarar kamar 30 tsakaninsu, misali C100 M70, kada ka kai C100 M90 sai idan shunayyar kake so.

Baƙi ma iri biyu ne. Ƙananan rubutu a yi su da K100 shi kaɗai. Idan ka haɗa su da tawada huɗu, ƙaramin gocewar inji zai sa a ga inuwar ja ko shuɗi a gefen kowane harafi. Babban fili baƙi kuwa, kamar bayan kati gaba ɗaya, K100 kaɗai yakan fito kamar toka mai duhu, sai a ƙara masa ƙarfi da haɗi irin C60 M40 Y40 K100. Jimillar wannan haɗi 240 ce, kuma tana cikin iyaka. Idan jimillar tawada ta haura kusan 300, bugun ba ya bushewa da wuri, takarda ta riƙa shafa wa 'yar'uwarta baƙi a baya.

Wanda yake son launinsa ya fito iri ɗaya a kowane bugu sai ya koma ga tawadar Pantone, wadda ake damawa tun kafin a zuba a inji. Ka lura da harafin da ke bayan lambar: C na takarda mai santsi ne, U na marar santsi. Tawada ɗaya ce, amma takarda marar santsi tana shan ta, launin ya kwanta, ya rage kaifi. Wannan ne ya sa kati da takardar wasiƙa na kamfani ɗaya sukan saɓa da juna ko da lambar launinsu ɗaya.

Salon rubutu biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na jikin bayani. Kafin ka amince da kowanne, rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ ka gani. Salo da yawa ba su da su, sai manhajar ta aro harafin daga wani salon a ɓoye, ya fito daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Charis SIL da Andika suna da su. Ka duba lasisi kuma, domin ba kowane salon da aka sauke kyauta ne aka yarda a yi kasuwanci da shi ba. Duk wannan ka tattara a shafi guda: nau'o'in tambari, mafi ƙarancin girmansa, filin da za a bari kewaye da shi, lambobin launi da sunayen salon rubutu.

Katin kasuwanci

Girman da aka fi amfani da shi a Turai shi ne milimita 85 da 55, na Amurka kuma inci 3.5 da 2, wato kusan milimita 89 da 51. Na farkon ya yi kusan daidai da katin banki, don haka yana shiga walat ba tare da ya lanƙwashe ba. Katin murabba'i ko mai wata siffa ta daban yana ɗaukar ido a ranar farko, amma wanda bai sami wurin ajiye shi ba zai yar.

Wuƙar yanka tana yanke tarin takarda ne a lokaci guda, kuma takan goce da kamar milimita 1. Don haka duk launi ko hoton da ya kai baki sai ka zarce da shi milimita 3 a kowane gefe. Wannan rarar ce masu maɗaba'a ke kira bilid. Fayil ɗin katin 85 da 55 zai zama 91 da 61 ke nan. Ta ciki kuma, rubutu da tambari su nisanci baki da milimita 4 ko 5. Kada ka zagaye kati da siririn layi kusa da baki. Gocewar da ba wanda zai lura da ita, layin nan ne zai tona ta, gefe ɗaya ya yi faɗi, ɗayan ya matse.

Girman rubutu kada ya gaza lamba 7, idan kuma fari ne a kan duhu to lamba 8 zuwa sama da salo mai ɗan kauri, saboda tawadar da ke kewaye tana cin gefen harafin. Siririn layi kada ya gaza milimita 0.1, farin layi a kan duhu kuma 0.2. Abin da za a rubuta kaɗan ne: suna, abin da kake yi, lambar waya ɗaya, imel, da inda za a ga ayyukanka. Jera hidimomi goma sha biyu a bayan kati ba ya ƙara ciniki, nuna wa mutane yake yi cewa mai zanen bai san abin da zai cire ba. Idan za ka sa lambar QR, ka ba ta aƙalla santimita 2 da 2, duhu a kan haske, da farin fili kewaye da ita, kuma ka gwada ta da waya daga bugun gwaji, ba daga kwamfuta ba.

Kaurin takarda ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Kati yana son giram 350 zuwa 400, 300 ita ce ƙarshen sauka. Lulluɓin leda marar ƙyalli yana kare launi mai duhu daga karcewa, amma biro ba ya kama shi da kyau, don haka idan kana son rubuta wani abu a bayan katin, ka bar wannan fuskar ba leda.

Takardar wasiƙa da ambulan

A4 ce, milimita 210 da 297, marar santsi, giram 100 zuwa 120. Takardar ofis ta giram 80 tana nuna bugun baya kuma ba ta da nauyi a hannu. Abin da aka fi mantawa shi ne wannan takarda za ta sake shiga firinta. Firintar lesa tana manna hoda ne da zafi mai tsanani, kuma zafin yana iya narkar da rubutu mai tudu, ya ɗaye ado na zinare, wani lokaci ma ya tayar da hodar bugun farko idan shi ma da injin hoda aka yi shi. Firintar tawada kuma a kan takarda mai ƙyalli sai ta dame. Ka karɓi takarda biyar ko goma ka wuce da su ta firintarka kafin a buga sauran.

Ka bar wa wasiƙar wuri. Kan takardar ya tsaya a cikin santimita 4 zuwa 5 na sama, adireshi a ƙasa da ƙaramin rubutu, gefe da gefe a bar santimita 2 zuwa 2.5. Babban tambari mai haske a tsakiyar shafi yana wahalar da karatu, kuma idan aka yi fotokwafi yakan koma tabo. Ka shirya irin wannan tsarin a Word ma, tambarin a sashen kai, domin yawancin takardun farashi a PDF za su tafi. Idan kuma a ofis za ka riƙa buga kan takardar da kanka, kada zanen ya kai baki, firintar ofis tana barin farin gefe na kamar milimita 4 ko 5.

Ambulan DL, milimita 110 da 220, yana ɗaukar A4 da aka ninke uku. C5 yana ɗaukar wadda aka ninke biyu, C4 kuma ba ninki. A kan ambulan da aka riga aka haɗa, tambari ƙarami a kusurwa ya fi, domin launi mai yawa yana bayyana sawun ninkin da ke baya.

Rasit da hatimi

Littafin rasit mai kwafi da kansa ana yin sa da takardar NCR, yawanci A5, saiti 50, fara a sama mai kala a ƙasa. Launi ɗaya ya isa. Ka nemi a sa lambar jere, a huda ta sama domin yagewa, kwafin ya zauna a littafi, a kuma haɗa da kwalin da ake sakawa a ƙarƙashin saiti, in ba haka ba rubutu ɗaya zai ratsa saiti uku. Kada a cika tawada a wuraren da za a yi rubutu, tana hana kwafin fitowa sosai. Hatimi kuma baƙin tambarin nan na farko za ka bayar, da rubutun da bai gaza lamba 8 ba.

Kafin fayil ya bar hannunka

Ka fitar da PDF/X-1a ko PDF/X-4, gwargwadon wanda maɗaba'ar ta ce tana so, da bilid da alamun yanka. Hotuna su kasance ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga su. Ƙara wa ƙaramin hoto lamba a manhaja ba ya ƙara masa komai. Ka mayar da rubutu zane a kwafin da za ka tura, domin kada salon ya canza a kwamfutarsu, amma ka ajiye asalin da ake iya gyarawa. Duba kuma ko wani farin abu yana kan umarnin bugu a kan bugu, wato overprint, domin farin da aka sa wa wannan umarni ɓacewa yake yi gaba ɗaya a takarda alhali yana nan a kwamfuta.

Ga ƙaramin adadi, bugun dijital ya fi dacewa tunda ba a yin faranti, wato ƙarfen da ake ɗora zane a kai kafin a saka a inji. Takardar SRA3 guda, milimita 320 da 450, tana ɗaukar kati 21 da bilid ɗinsu, ka ga takarda goma sun ba ka sama da kati 200. Bugun ofset yana bukatar faranti ga kowane launi, don haka sai adadi ya yi yawa yake biyan kansa, amma shi ne ke karɓar tawadar Pantone ta gaske. Sabon kamfani kada ya buga dubbai, lambar waya da adireshi sukan canza kafin kwalin ya ƙare.

Ka nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ka duba shi a hasken rana kusa da taga, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja ba. Ka ba wani ya karanta lambar waya da imel harafi bayan harafi, domin idon wanda ya rubuta tsallake kuskurensa yake yi. Idan aiki ya fito yadda kake so, ka ware kwafi uku ko huɗu a ambulan inda rana ba ta taɓa su, ka rubuta sunan takardar da nauyinta da irin injin a jiki. Su za ka kai a gwada da su ranar da za a sake bugu.