Kwamfuta na kashe kanta da an tura takarda firinta: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Ka danna Print, firinta ta fara ƙugi, sai allon kwamfuta ya yi baƙi, ta sake tashi daga farko. Abin da mutane da yawa ke yi nan take shi ne su yi mata fomat, su sake ɗora Windows. Bayan an ɓata yini guda, a tura takarda, ta sake mutuwa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Galibi laifin na abu biyu ne, ko wutar lantarki ko direban firinta (manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa firintar), kuma kuskuren farko shi ne kama gyara tun ba a tantance wanne ba ne.

Gwajin bai kai minti biyar ba. Zare kebul ɗin USB da ke tsakaninsu, ka bar kwamfutar a kunne, sannan ka sa firintar ta buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta. In kwamfutar ta mutu alhali babu abin da ya haɗa su sai soket, to wuta ce, kada ka taɓa Windows.

A nan ne aka fi tafka kuskure: jona firintar leza a jikin UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) ɗaya da kwamfuta. Firintar leza na da wani sashe da ke narkar da hodar tona a kan takarda, zafinsa na kusantar digiri 200. Lokacin da yake ɗaukar zafi yakan ja ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, wasu manya ma su haura 1000, alhali ƙaramin UPS mai 600VA ƙarfinsa bai wuce wat 360 ko makamancin haka ba. Ka kasa kunne: UPS ɗin zai yi ƙara, wani lokaci ƙwan ɗakin ya ɗan dusashe, sai kwamfutar ta ɗauke. Masu ƙera UPS da kansu sun hana jona irin wannan firinta a ramukan batir. Ba ta soket ɗinta na bango ita kaɗai, ba doguwar wayar da aka cika da kaya ba. Firinta mai tawada ba ta da wannan ɗabi'ar, wutar da take sha kaɗan ce.

In gwajin ya wuce lafiya, sai a koma kan Windows. Tana da wata al'ada mai ban haushi: idan ta yi karo da babbar matsala, sai ta nuna shuɗin allo na ɗan ƙiftawar ido ta sake tashi, ba ka karanta komai ba. Rubuta sysdm.cpl a wurin bincike, shiga Advanced, sannan Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Yanzu saƙon zai tsaya, ka ɗauki hotonsa da waya.

Wasu kuma su leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, su ga Kernel-Power mai lamba 41, su ruga canza akwatin wutar kwamfuta. Wannan lambar cewa kawai take yi an mutu ba shiri, ba ta faɗin dalili. Ka nemi BugCheck mai lamba 1001 a kusa da ita. In yana nan, Windows ce ta sami matsala, kuma direba ne abin zargi na farko.

Ɗora sabon direba a kan tsoho shi ma ba gyara ba ne, tsohon na nan kwance. Cire firintar, ka rubuta printui /s /t2 a akwatin Run, ka goge direban da fakitinsa gaba ɗaya. Sake kunna kwamfutar, sannan ka sauko da wanda ya dace da lambar firintarka daidai daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Ka kuma tambayi kanka yaushe abin ya fara. A watan Maris na 2021, sabuntawar Windows 10 mai lamba KB5000802 ta riƙa jefa kwamfutoci cikin shuɗin allo da saƙon APC_INDEX_MISMATCH da an tura aiki wasu firintoci, har Microsoft ta fitar da gyara na gaggawa bayan 'yan kwanaki. Idan taka ta fara ne washegarin wata sabuntawa, shiga tarihin Windows Update, ka cire ta ƙarshe, ka sake tura takardar nan da ta kashe ta.