Yadda ake zaɓar kwas a jami'ar ƙasar waje tun daga nan Legas

Da zarar sakamakon WAEC ya fito, zauren gidana a Agege ba ya rabuwa da baƙi, domin an san ni malamin sakandare ne, kuma na daɗe ina taya yaranmu cike fom. Bara wani Alhaji mai sana'ar albasa a Mile 12 ya zo bayan sallar Isha'i tare da ɗansa. Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya zaro sakamakon, an naɗe shi cikin leda, haɗe da wata takardar talla mai sheƙi da wani ejan ya ba shi. Ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, waje nake so ya tafi. Wace ƙasa ce ta fi sauƙin shiga?" Na juya na tambayi yaron abin da yake so ya karanta. Ya dubi mahaifinsa, ya sunkuyar da kai.

A nan yawancinmu muke yin kitso da ƙwarƙwata. Ana fara zaɓar ƙasa, sannan a cusa yaro cikin duk kwas ɗin da aka samu gurbi. Ga yadda nake bi da duk wanda ya zo wurina.

Mataki na farko: fara daga ƙarshe

Ka zauna ka amsa wa kanka: idan ka gama, wane aiki za ka yi, kuma a ina? Idan gida za ka dawo, wace hukuma ce za ta ba ka izinin aikin? Kwasa-kwasan jami'a sun kasu biyu ta wannan fuska. Akwai waɗanda takardar digiri kaɗai ta isa ka nemi aiki, irin su kimiyyar kwamfuta, tattalin arziki, kasuwanci, lissafi da aikin gona. Akwai kuma waɗanda ba ka taɓa komai sai da lasisi, kuma su ne iyayenmu suka fi so.

Likitanci ne kan gaba. Yaron da ya tashi a Idi-Araba yana ganin masu farar riga suna shiga asibitin koyarwa na LUTH ba laifi ba ne ya yi sha'awa, amma ya sani cewa duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ya ci, sannan ya yi shekarar horo a asibiti. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a kundin makarantun likitanci na duniya da ke intanet. A kuma dubi zaman lafiyar ƙasar, domin karatu ne na shekara biyar zuwa shida. Yaƙin Yukren a 2022 ya watsa ɗalibanmu, kuma MDCN ta fito fili ta ce ba ta yarda da likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. A watan Afrilun 2023 irin haka ta faru da waɗanda ke Sudan, aka kwaso su ta kan iyakar Masar, wasu saura watanni su kammala. Na zauna da iyayen wasunsu, na ga yadda abin ya karya musu gwiwa.

Mai son lauya kuwa, wanda ya yi digirin a waje sai ya fara yin kashi na farko na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, inda zai koyi dokokin ƙasa, kafin ya haɗu da waɗanda suka karanta a gida a kashi na biyu. Digirin Shari'a daga Madina ko Azhar ilimi ne mai girman daraja, sai dai shi kaɗai ba ya tsayar da mutum gaban alƙali a matsayin lauya. Harhaɗa magunguna, aikin jinya da injiniyanci, kowanne da hukumarsa: PCN, Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, da COREN.

Mataki na biyu: ɗora sakamakonka a kan sharaɗin kwas ɗin

Buɗe shafin jami'ar da kanka, ka nemi inda suka rubuta abin da suke buƙata daga ɗalibin Najeriya. Jami'o'in Birtaniya da yawa ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye zuwa aji ɗaya, sai ya yi shekarar share fage. Saboda haka digirin da aka ce shekara uku ne a Ingila ya koma huɗu, da kuɗin shekara huɗu. A Sikotland dama huɗu ne. A Jamus ma mai takardar sakandare yakan bi ta makarantar share fage da suke kira Studienkolleg. A Amurka galibi ba a shiga likitanci ko lauya daga sakandare, sai an gama digirin farko na shekara huɗu. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka Amurka ya fara likitanci daga aji shida na sakandare, ka riƙe kuɗinka.

Kada suna ya ruɗe ka. Akwai kwas da ake kira Biomedical Science, wanda ejan-ejan ke fassara wa iyaye da "likitanci", alhali mai wannan digiri a ɗakin gwaje-gwaje da bincike yake aiki, ba ya duba marar lafiya. Ka sauko ƙasan shafin, ka karanta jerin darussan kowace shekara ɗaya bayan ɗaya. Jami'o'i biyu za su ba kwas suna ɗaya, amma wannan lissafi ne zalla, wancan kuwa akwai watannin koyon aiki a masana'anta. Mai babbar difloma ya tambaya ko za a ɗauke shi shekarar ƙarshe ya cike zuwa digiri, wasu jami'o'in Birtaniya suna yin haka.

Mataki na uku: tabbatar da makarantar

Wannan ya fi shafar mu mutanen Legas, saboda Kwatano tana nan kusa, a hau mota zuwa Seme a tsallaka. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya ɓad da kama ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Daga baya Ma'aikatar Ilimi ta ce jami'o'i biyar kawai ta amince da su a Benin, uku a Togo. Abin tausayi shi ne yaran da suka zauna suka yi karatu da gaske a sauran makarantun, takardarsu ta zama ba ta da amfani.

Duk digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance shi kafin a tafi bautar ƙasa, kuma hukumar NYSC tana duba fasfo ta ga hatimin shiga da fita. Ka adana tsohon fasfonka ko ya ƙare aiki. Arewacin Saifurus, inda tallarsa ta cika wayoyin yaranmu, Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta sha gargaɗin iyaye a kansa.

Mataki na huɗu: harshe

Ka duba da wane harshe ake koyar da kwas ɗinka, ba jami'ar gaba ɗaya ba. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar C6 a Turancin WAEC, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda ake zaunawa nan Legas, sakamakonta kuma shekara biyu yake yi. Yawancin digirin farko a jami'o'in gwamnatin Jamus da Jamusanci ne, akwai cibiyar Goethe a Legas mai koyarwa. Ko da Turanci ake koyar da likitanci a Turkiyya ko Masar, marar lafiyan da za ka duba a asibiti harshensa zai yi maka.

Mataki na biyar: lissafin dukan shekarun

Na fi tsananta wa iyaye a nan. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Iyaye da suka yi lissafin shekarar farko kawai sun wayi gari kuɗin makaranta ya ninka uku, har aka dakatar da wasu ɗalibai ana tsakiyar zango. Ka haɗa kuɗin makaranta, masauki, abinci, inshorar lafiya da jirgi, ka ninka da yawan shekaru, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda faɗuwar naira. Birtaniya tana karɓar fam 776 kowace shekara na kula da lafiya tun wajen neman biza, kuma kuɗin da za ka nuna sai ya kwana 28 a asusu ba a taɓa ba. Yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka zuba abin da ya kusa yuro 12,000 a kullallen asusu na ciyar da kai shekara guda. Aikin da ɗalibi ke yi bayan aji yana rage zafi ne kawai, ba ya biyan kuɗin makaranta.

Tallafin karatu ya fi yawa a digiri na biyu. Chevening ta Birtaniya tana ɗaukar nauyin shekara guda, tana neman wanda ya yi aiki shekara biyu, kuma sai ya dawo gida bayan ya gama. Hukumar PTDF ta gwamnatin Najeriya ta fi karkata ga fannin mai da iskar gas. A digirin farko akwai tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu ga wanda bai kai shekara 21 ba: kuɗin makaranta, masauki, alawus da shekarar koyon Turkanci. Jami'o'in Saudiyya ma suna bayarwa, kuma ba ilimin addini kaɗai ba. Ra'ayina, wanda aljihunsa bai yi nauyi ba ya yi digirin farko a gida da sakamako mai kyau, ya nemi na biyu a waje da kuɗin wasu.

Mataki na shida: takardu da lokaci

Fara da fasfo, a Ikoyi, Festac ko Alausa. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fasfo, NIN da WAEC. Wannan yana cin yaranmu ƙwarai: nan Muhammad, can Mohammed, a wata takardar an sa sunan gari a madadin na mahaifi. A gyara tun da wuri, ofishin WAEC yana Yaba. Mai neman digirin farko a Birtaniya ta shafin neman gurbin jami'o'insu, UCAS, zai bi, zaɓi biyar ake ba shi. Likitanci da jami'o'in Oxford da Cambridge suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran a Janairu. Akwai kuma gwajin tarin fuka kafin biza, ana yin sa a cibiyar hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, da ke Ikeja.

Ka buɗe imel naka na kanka, ka riƙe lambar sirrinsa. Idan ma za ka yi aiki da ejan, kuɗin makaranta asusun jami'a za ka tura, ba nasa ba, kuma ka rubuta wa jami'ar ta tabbatar maka da takardar gurbin da ya kawo.

Shi ɗan Alhajin nan sai a zuwa na uku, da ya zo shi kaɗai, ya buɗe baki. Ya ce, "Malam, ni tun ina ƙarami nake ganin ana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga Arewa, a zubar da wasu a ruɓe. Ina so in san yadda ake adana su." Muka buɗe kwamfuta muka nemo kwasa-kwasan kimiyyar abinci da fasahar adana amfanin gona, muka karanta darussansu har kusan sha biyun dare. Da na kai wa mahaifinsa maganar, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To ai wannan ciwon da ke damuna ne." A Janairu yaron ya cike fom ɗin tallafin Turkiyya da hannunsa, ya kuma yanki na JAMB, ya sa kwas ɗin nan guda a duka biyun.